Kakin Zuma da Amanar Ruwan Challawa

Akwai wani wasa da mazauna bakin teku suke yi, wanda aka fi jingina asalinsa ga mutanen tsibiran Hawai, inda mutum zai miƙe tsaye a kan wani dogon falanki, igiyar ruwa ta sungume shi ta yi ta gudu da shi har gaɓa. Ko a bakin tekun Tarkwa da ke Ikko samari suna yin sa. Da yake falankin santsi gare shi idan ya jiƙe, tilas mai hawa ya goge shi da kaki domin ƙafa ta sami abin kamawa, kuma shekara da shekaru kakin da suke gogawa na farafin ne, irin wanda ake yin kyandir da shi, wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur. Da wasu masu lura daga cikinsu suka ga abin da suka shafa yana kankarewa sannu a hankali ya bi teku, sai suka koma ga kakin zuma, suna narka shi da man kwakwa da ƙaron itace, mai tauri domin ruwan ɗumi, mai laushi domin ruwan sanyi.

Mai karatu a Karaye ko Rogo yana iya cewa ina ruwan biri da gada, alhali mu ba mu da teku. To, muna da abin da ya fi teku kusa da maƙogwaronmu. Madatsar Challawa, wadda aka gina a ƙasar Karaye tsakanin 1990 da 1992, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, tana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da ita. Wannan ruwa shi masuntanmu ke kama kifi a ciki, shi makiyayi ke shayar da garkensa, shi mai lambu ke ja da inji lokacin rani. Abin da ya saura ya gangara Panshekara, a tace shi a aika wa mutanen birnin Kano, sauran kuma ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru.

Idan har mutumin da wasa kawai ya kai shi ruwa, ruwan ma na gishiri wanda ba ya sha ba ya alwala da shi, ya ga ya wajaba ya tsaya ya tambayi abin da ke cikin ɗan dunƙulen kakin da bai cika tafin hannu ba, to mene ne uzurinmu, mu da muke shafe cikin kwalekwale da baƙin mai, mu narka tsohuwar roba mu toshe kafa, mu wanke babur da tankin feshin maganin ciyawa a mashaya? Ban manta da gamalin ba, wanda wasu marasa tsoron Allah suke zubawa domin kifi ya taso, ko da yake ƙasashen duniya sun sanya gubar da ke cikinsa a jerin haramtattu tun 2009. Duk yaron da ya fara Ahalari ko Ishmawi a zaure ya ji cewa ruwan da wani abu baƙo ya sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ya fita daga hukuncin ruwan tsarki, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana ko da yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ilmin yana ƙirjinmu tun muna yara. A bakin ruwa ne muke ajiye shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kakin nan da baƙi suke nema da kuɗinsu a hannunmu yake. Mai amya zai hau ɗorawa da dare da bakin wuta, ya sauko da saƙa, ya matse zuma, ya watsar da tukar, alhali da ya dafa ta cikin ruwa ya tace da ƙyalle ya bari ta huce, da ya sami dunƙulen kaki rawaya mai ƙanshin zuma, irin wanda baduku yake murza zare da shi tun zamanin kakanni domin ɗinki ya jure laima. Wanda aka gauraya da kyandir kuwa ba ya ɓuya: ƙanshinsa kaɗan ne, kuma ya fi saurin sakin jiki a rana.

Ba na da'awar cewa kaki zai toshe babbar ɓaraka a jirgi. Wannan aikin katako ne da ƙusa da gwanin kafinta. Amma ƙananan tsaga, da igiya, da zaren koma, da shafen da ake yi domin katako ya daɗe, duk kaki da ƙaro suna iya ɗaukar nauyin wani abu daga ciki, in an jarraba. Sarkin ruwa yana da ikon ya hana baƙin mai sauka mashaya, liman yana da mumbari ranar Juma'a, malamin gona kuma ba zai kashe fiye da yini guda ba wajen nuna wa masu amya na Rogo yadda ake dafa saƙa, su kawo kakin kasuwar Karaye inda masunta ke sayen ƙugiya.