Gidajen Gurguzu a Kan Mizani

Duk wanda ya ga hoton unguwannin bayan garin Mosko ko Berlin ta Gabas, inda benaye masu launin toka suka jeru sahu-sahu, ba a bambance wannan da wancan sai da lambar da aka rubuta a jikin bango, abin da yakan fara zuwa bakinsa shi ne, wannan ai kurkuku ne aka huda wa tagogi. Kuma da yake Tarayyar Sobiyet ta rushe tun 1991, ba ta bar mai kare mutuncinta ba, yanke mata wannan hukunci ya zama abu mai arha. Ni a ganina masu wannan zargi sun dubi aibin da ido yake gani, sun bar aibi mafi girma, sa'an nan sun tauye wa gidajen wata falala wadda adalci ya wajabta a ambata, ko da kuwa mutum bai yarda da aƙidar gurguzu ba ko ƙwayar zarra.

Ba a auna gida sai an san inda mai shigarsa ya fito. Bayan juyin juya halin 1917 a Rasha, hukuma ta ƙwace manyan gidajen attajirai ta rarraba su ɗaki-ɗaki, ta yadda sashen da a dā iyali guda ke ciki ya koma na iyalai biyar ko shida, kowanne da ɗaki guda, a ciki ake kwana da cin abinci da jinya da rainon yara, madafa ɗaya, makewayi ɗaya, kowace uwargida da teburinta da rishonta, a ƙofar waje kuma an manna takarda mai bayyana sau nawa baƙo zai danna ƙararrawa gwargwadon iyalin da yake nema. Wanda ya taɓa zaman gidan haya na haɗaka ya san husumar da layin ban-ɗaki ke haifarwa da asuba. To, sai ya ƙara da cewa a zamanin shugaba Stalin maƙwabcin da aka yi cacar baki da shi yana iya kai tsegumi wurin 'yan sandan ciki, a ɗauke mutum da dare, shi kuwa ya gaji ɗakin. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya ƙara wa Borno dawaki, har hukumar da kanta ta ce mutum miliyan 25 ne suka rasa matsuguni. Amma duk da haka, abin da Stalin ya fi mai da himma a kai bayan yaƙi shi ne dogayen husumiyoyi bakwai masu ado da ya sa aka gina a Mosko, alhali ma'aikata na kwana a bariki na katako da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

Nikita Kurushof, wanda ya gaji mulkin, mutum ne mai garaje, amma a wannan mas'ala ya ga gaskiya. A watan Disamba na 1954 ya tara magina da masu zanen gini ya yi musu tatas a kan almubazzaranci da ado. A 1955 aka fitar da doka ta hana ƙawa marar amfani a gine-gine. A 1957 kuma aka yi alkawarin kawar da ƙarancin gidaje cikin shekara goma zuwa goma sha biyu, bisa ƙa'idar kowane iyali da sashensa. Dabarar ita ce a mai da gini sana'ar masana'anta: a zuba bango da daɓe da matakala da kankare a ma'aikata, a ɗauko su a manyan motoci, injin ɗaga kaya ya jera su, a haɗa ƙarafunansu da walda, bene ya tashi cikin 'yan makonni. Ba su ma ji nauyin sayen fasahar daga hannun wani injiniya Bafaranshe, Raymond Camus, ɗan ƙasar jari-hujja ba. Aka gwada a unguwar Cheryomushki ta Mosko, daga nan tsarin ya bazu har gabar Tekun Fasifik.

Komai na gidan an yi masa ƙwauro da gangan. Hawa biyar ne, domin ƙa'idar lokacin ta ce abin da ya haura biyar sai an sa masa na'urar hawa, ita kuwa kuɗi ce. Saboda haka tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta faɗo a hawa na biyar sai ta hau da ƙafa, da jakar dankalinta. Tsayin ɗaki mita biyu da rabi, madafa murabba'in mita biyar zuwa shida, wurin wanka da makewayi a haɗe, bango kuwa siriri, har tarin maƙwabci ba ya ɓuya. Amma akwai famfo, akwai lantarki, akwai bututun ɗumama ɗaki a ƙasar da hunturunta ke kisa, makaranta da gidan rainon yara da ɗakin shan magani duk an tsara su inda ƙafa za ta kai, kuɗin haya kuwa, wanda aka tsayar tun 1928, bai fi ɗan ƙaramin kaso na albashi ba. Ƙididdigar hukuma ta nuna cewa tsakanin 1956 da 1965 fiye da mutum miliyan 100 sun koma sabon mazauni ko wanda ya fi na dā, ko da yake ba duka a irin waɗannan benaye ba. Mafi girman ni'imar kuwa ita ce sutura: miji da mata suka sami ƙofar da za su rufe, ba kunnen kowa a kansu. Abin mamaki, a cikin waɗannan 'yan madafai ne mutane suka fara zama da aminai da dare suna sukar hukumar da ta gina musu su.

Malaman fiƙihu sun ce lalura takan halatta abin da aka hana, amma sun ƙara da cewa ana ƙaddara ta gwargwadonta ne, kuma a nan ne al'amarin ya karkace. Wasu daga benayen farko an yi su ne da niyyar su yi shekara 25 a rushe su, tun da a 1961 Kurushof ya yi bushara cewa gurguzu cikakke zai tabbata kafin 1980. Sai abin wucin gadi ya zama dawwamamme. Kamannin da suka yi da juna, wanda har aka yi masa fim na barkwanci a 1976, inda wani da ya bugu ya buɗe sashen wata mata a birnin Leningrad da mabuɗin gidansa na Mosko, ƙaramin laifi ne. Aibin ya fi muni a birnin Tashkent bayan girgizar ƙasa ta 1966, inda aka tashi Musulmi masu yawan zuriya, waɗanda suka saba da tsakar gida da inuwar inabi da zaman kakanni tare da jikoki, aka zuba da yawansu a sassa masu ɗaki biyu ko uku da aka auna da ƙaramin iyalin Bature.

Asalin cutar, a fahimtata, ita ce hukuma guda ce mai ƙasa, ita ce magini, ita ce mai ba da haya, ita ce mai ɗaukar aiki, ita ce kuma alƙalin da za a kai wa ƙara. Gidaje da yawa ta hannun masana'antu ake raba su, don haka ma'aikacin da ya shekara goma a layin jira bai isa ya ɗaga murya gaban shugabansa ba, kuma ba shi da damar yin ƙaura zuwa babban birni sai da hatimin izinin zama a fasfonsa. Wanda ke da uwa a gindin murhu, wato manyan jam'iyyar gurguzu da na soja, bai san wannan layi ba. Magini kuma, tun da yawan murabba'in mitan da ya miƙa kafin ƙarshen shekara ake tambayarsa, ba ingancinsu ba, sai ya miƙa bene ana ɗigar ruwa ta mahaɗar bango. Ranar 7 ga Disamba 1988 girgizar ƙasa ta auka wa Armeniya, ta hallaka kimanin mutum 25,000, kuma a birnin Leninakan benaye masu hawa tara na zamanin shugaba Brezhnev suka zube da mutane a ciki. Injiniyoyi suka tarar da kankare marar ƙarfi da mahaɗai marasa kyau. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa waɗanda aka yi da manyan allunan kankare zalla sun fi tsayawa, abin da ke nuna ha'inci da sakaci sun fi ita kanta dabarar laifi.

Alkawarin 1957 bai cika ba, domin a 1986 shugaba Gorbachof ya sake ɗage wa'adin zuwa 2000, daular kuma ba ta kai ba. A 1991 Rasha ta yi doka ta mallaka wa mazauna sassan da suke ciki, sai waɗannan ɗakuna da ake yi wa dariya suka zama kusan dukiya guda da talakan Sobiyet ya tsira da ita daga rushewar ƙasarsa. Da magajin garin Mosko, Sergei Sobyanin, ya fito a 2017 da shirin rushe wajen benaye 5,000 na wancan zamani a mai da mutanensu sababbin dogayen gine-gine, da yawa sun yi maraba, tun da bututu ya ruɓe, bango ya tsage. Amma dubbai sun fita zanga-zanga a watan Mayu na shekarar, suna cewa gidansu ne, bishiyoyin da iyayensu suka dasa a farfajiya sun girma, kuma ba a shawarce su ba.