Dannau a Kasuwar Tsaye

A tsakiyar Doha, babban birnin ƙasar Katar, akwai wata tsohuwar kasuwa da ake kira Suƙ Waƙif, watau Kasuwar Tsaye. Gobara ta ci wani sashe nata a shekarar 2003, a 2006 kuwa aka gyara ta bisa tsohon fasalinta. Da almuru, in zafin rana ya sassauta, nan baƙi 'yan ci-rani kan taru su sha shayi, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa.

To, a ce wani saurayi Bahaushe, mai aikin gadin dare, ya zauna nan yana ba ɗan'uwansa labari. Ya ce ya taso daga aiki ya kwanta rigingine bayan asuba, sai ya ga wani baƙin abu ya hau ƙirjinsa. Ya so ya yi kururuwa, murya ta ƙi fita, hannu da ƙafa suka ƙi motsi. Ɗan'uwan ya girgiza kai, ya ce, "Wayyo ɗan'uwa, ai wannan jifa ce daga gida." Kafin gari ya waye saurayin ya zargi kishiyar uwarsa, ya kuma yanke shawarar aika rabin albashinsa ga wani mai duba.

Abin nan da ya same shi Hausawa sun daɗe da saninsa, suna kiransa dannau. Larabawa kuma suna ce masa jasum. Abin da ke da suna a Kano, yana kuma da suna a Doha, lalle ba aikin kishiya guda ba ne.

Ga abin da masana suka gano. A shekarar 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, Aserinsky da malaminsa Kleitman suka lura idanun mai barci kan riƙa kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido. In aka tashe shi a lokacin nan, galibi sai ya ce mafarki yake yi. Wannan hali yakan komo misalin kowane minti 90, sau huɗu ko biyar a dare, kuma ya fi tsawo gab da asuba. Har tsuntsaye ma, irin shahon nan da ake sayarwa a wani gefe na kasuwar, an same su da irin wannan barci.

A lokacin nan ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin jiki, domin kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga da gaske. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa: ido a buɗe, jiki a ɗaure, sauran mafarki kuma bai gama watsewa ba. Wannan shi ne dannau. Ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci kaɗan, ba ya kuma kisa. Rashin isasshen barci, da sauya dare da rana, da damuwa, da kwanciya rigingine, duka suna jawo shi. Mai gadin nan kuwa ya tara su duka huɗu.

Wani zai ce, ashe ke nan ilimin zamani ya rushe fassarar mafarki? Ko kusa. Na'ura tana iya nuna lokacin da mutum ke mafarki, amma ba ta auna abin da Ubangiji ya nufa da bawansa. Malaman Musulunci da kansu sun kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, da na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne kawai. Sun kuma hori wanda ya yi mummunan mafarki ya nemi tsari, kada ya yi ta yayata shi.

Ana ba da labarin Muhammadu ɗan Sirina, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa mutum biyu sun zo masa, kowa ya yi mafarkin yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai yi aikin Hajji, ɗayan kuwa za a kama shi da sata, domin ya dubi halin kowannensu. Watau ko a wurin gwanin gwanaye, fassara ba jeri ba ce da za a buɗe a ce maciji maƙiyi ne, shi ke nan. Sai an san mutum, an san abin da ya kwana da shi a rai. Ina wanda bai taɓa ganin mai mafarkin ba, sai kuɗinsa ta waya, zai san wannan?

Saboda haka wanda ya yi baƙon mafarki ya fara tambayar kansa: sa'a nawa ya yi barci, me ke damunsa, wane magani ya sha, ko kuwa zazzaɓi ke jikinsa? In dannau ya yawaita, ko barci na kwashe mutum da rana tsaka, ko yana naushi da shuri cikin barci, to wurin likita ya kamata ya nufa. In kuwa zuciya ce ba ta natsu ba, ya nemi malami mai tsoron Allah wanda ya san shi. Amma mafarki ba shaida ba ne, babu alƙalin da zai karɓe shi. Kada kowa ya yanke zumunci, ko ya ɗora wa baiwar Allah sunan maita, saboda abin da ya gani idonsa a rufe. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.