Tsohon shayi daban, shayin da ya mutu daban: a daina raina mana wayo



Ranar kasuwa na sayi kwalin shayi a wani shago. Da na isa fada na buɗe, ganyen ya koɗe, yana warin rima, kwanan watan da ke jikin kwalin kuwa ya wuce tuni. Na mayar. Buɗar bakin mai shago sai ya ce: "Malam, ba ka ga bidiyo ba? A ƙasar Sin tsohon shayi ya fi tsada." To, wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Gaskiya ne akwai shayin da ake ajiyewa shekara 20 ko 30. Sunansa Pu'er, daga lardin Yunnan. Ganye ne mai faɗi da ake shanyawa a rana, a matse shi kamar fanke, galibi giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke ci gaba da nunar da shi a hankali har ya yi duhu, ɗacinsa ya kwanta. Mai shi yana tsare shi daga wari da yawan laima, ya san shekararsa da inda aka tsinko shi. In babban baƙo ya zo, sai ya ɓanta kaɗan a sha tare.

Shayinmu na fada fa? Daga Sin yake shi ma, amma koren shayi ne. Tun a masana'anta ake gasa shi don a tsayar da nunarsa. Darajarsa tana cikin sabuntarsa. In ya daɗe ba ya ƙara komai, mutuwa yake. Balle wanda ya sha zafin bazara ƙarƙashin kwano, ya sha damina a ƙasa, kusa da sabulu da jarkar fetur. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi.

Ko a can ɗin ma ba a rasa macuta ba. A 2007 ƴan kasuwa sun hura farashin Pu'er, jabu ya cika kasuwa, daga baya farashin ya faɗi warwas, mutane da yawa suka tafka asara.

Na san za a ce kasuwa ta yi wuya, ɗan kasuwa ba zai zubar da jarinsa ba. Mun ji. Amma matashin da ya haɗa dala-dala da abokansa don su sayi shayi da sukari, shi kuɗinsa a ƙasa ya tsinta? In kaya sun tsufa, ka faɗa, ka rage kuɗi, mai so ya ɗauka da saninsa. Ɓoye aibin haja algus ne, ko da me aka lulluɓe shi.

Ƴan fada, kafin ku miƙa kuɗi ku juya kwali ku duba kwanan wata, ku sunsuna. In ya wuce, ku ajiye masa abinsa. Wanda muke miƙa wa kofin farko ɗan'uwa ne, bai kamata mu shayar da shi abin da ya lalace ba.

Allah ya sa mu gyara.