Ciwon damuwa da kashe kai: me ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa?

Ranar 10 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da kashe kai ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutane fiye da 720,000 ne suka kashe kansu a shekarar 2021. A 2022 reshenta na Afirka ya bayyana cewa nahiyarmu ce kan gaba: mutum 11 cikin kowane 100,000 a shekara, alhali a duniya baki ɗaya 9 ne. Ke nan matsalar tana ƙofar gidanmu.

Mene ne ciwon damuwa?

Baƙin ciki ne mai nauyi wanda yake kai sati 2 ko fiye bai sauka ba. Mutum ya daina jin daɗin komai, barcinsa da cin abincinsa su rikice, ƙarfinsa ya ƙare. Cuta ce kamar hawan jini, kuma tana da magani. Yawancin masu fama da ita ba sa kashe kansu. To, me ke ƙara haɗari ga wasu? Masana sun gano abubuwa huɗu.

1. Yanke ƙauna. A 1985 likita Aaron Beck na Amurka ya fitar da sakamakon bibiyar majinyata na tsawon shekaru. Ya gano cewa yanke ƙauna ya fi tsananin baƙin ciki nuna wanda ke cikin haɗari. Wanda ya ce "gobe ma haka za ta kasance" yana bukatar kulawa.

2. Ƙuncin tunani. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne mai auna riba da hasara, mai tsawata wa zuciya. A 2005 wani bincike a Faransa ya nuna cewa waɗanda suka taɓa yunƙurin kashe kansu sun fi wahalar zaɓen abin da zai amfane su nan gaba. Mai bashi ko wanda gonarsa ba ta yi ba sai ya ga ƙofa ɗaya kawai, ko da akwai goma.

3. Sinadaran ƙwaƙwalwa. A 1976 likita Marie Asberg ta Suwidin ta gano cewa masu ciwon damuwa da alamar sinadarin sirotonin ta yi ƙasa a jikinsu sun fi yin wannan yunƙuri. Amma babu gwajin jini ko hoton kai da zai nuna wanda zai aikata.

4. Rashin barci da kayan maye. Dukansu suna raunana wancan ɓangare mai tsawatarwa. Giya da shan ƙwayoyi irin su tiramol ba bisa umurnin likita ba suna sa mutum aikata abu cikin gaggawa.

Me ya sa jinkiri yake ceton rai?

Sau da yawa lokacin tsananin gajere ne, mintoci ko awoyi. Yawancin waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Shi ya sa nisanta abu mai haɗari yake da amfani. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi guba, sai kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Wannan darasi ne ga gidajen manoma daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa.

Abin da za ka yi

Idan ɗan'uwanka ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya zama nauyi ga iyali, ko ya fara rabar da kayansa, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Ka saurare shi, ban da faɗa ko gori. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari da sauran magunguna. A raka shi gidan likita mafi kusa a ranar. Addu'a da magani suna tafiya tare.

Idan kuwa kai ne wannan tunani ya dama, ka sani cutar ce take rufe maka ido. Faɗa wa wanda ka yarda da shi yau, ku je wurin likita tare. Ana warkewa, da yardar Allah.