Zauren Kwamfuta: Kada mu yi gaggawar goge laftof



Yau za mu duba wata matsala da ke tayar da hankali, musamman lokacin rajistar kwasa-kwasai: laftof ta nuna ta kama Wi-Fi, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Saitin sadarwarta aka taɓa, ko a shagon intanet, ko wajen neman burauzin kyauta, aka sa mata lambobin da ba sa aiki sai a can. Idan muka garzaya aka goge ta, aka sake zuba Windows, firojet ɗin da muka yi wata uku muna rubutawa zai iya bin ruwa. Alhali gyaran bai wuce minti goma ba.

Da farko mu shiga "Settings", sannan "Network & Internet", mu danna "Proxy". In an kunna "Use a proxy server", mu kashe shi, domin duk abin da muka nema a intanet ta wata kwamfutar yake tura shi, wadda wataƙila ta daina aiki.

Na biyu, mu buɗe bayanan Wi-Fi ɗin, mu nemi "IP assignment". In yana kan "Manual", mu mayar da shi "Automatic", wato rauta ce za ta ba laftof adireshi da kanta. Haka za mu yi wa DNS.

In abin ya ƙi, mu buɗe "Command Prompt" da izinin mai kula da kwamfuta, mu rubuta netsh winsock reset, mu danna "Enter", sai netsh int ip reset, sannan mu kashe laftof mu kunna.

Makami na ƙarshe shi ne "Network reset". A Windows 10 yana ƙarƙashin "Status", a Windows 11 kuma cikin "Advanced network settings". Yana mayar da saitin sadarwa yadda ya zo tun asali, bai taɓa fayilolinmu. Sai dai yakan share kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana, don haka mu rubuta su tukuna.

Rigakafi ya fi magani. Kafin kowa ya canza mana saiti, mu ɗauki hoton shafin da waya. Wanda ya san hanyar da ya biyo, komawa gida ba ta yi masa wuya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.