ISKAR GAS DA RUWAN FADAMAR HAƊEJIYA: A YI TUNANI TUN KAFIN A FARA HAƘA

Batun iskar gas ya fara kusantar ƙofar gidanmu. A shekarar 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. A 2022 aka ƙaddamar da haƙar rijiyoyin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, a 2023 kuma aka koma haƙa a Borno. Ƙasar Haɗejiya tana cikin kwarin Tafkin Cadi, wanda masu neman mai suka daɗe suna bincike a cikinsa. Saboda haka ya wajaba mu san abin da muke maraba da shi.

Haƙiƙa gas ni'ima ce. Da shi ake yin takin yuriya, kamar a masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022, kuma manomin shinkafa a Auyo ya san zafin tsadar taki. Da shi ake samar da lantarki, sannan yana iya maye gurbin itacen girki da ke cinye dazuzzukanmu, hamada tana matsowa.

Sai dai haƙar gas iri biyu ce. Akwai wadda aka saba, inda iskar ta taru a wuri guda, a huda rijiya ta fito da kanta. Akwai kuma wadda ta yawaita a Amurka, inda iskar take maƙale cikin dutse mai tauri, sai an tura miliyoyin litocin ruwa haɗe da yashi da sinadarai da ƙarfi, a farfasa dutsen. Ruwan yakan dawo gurɓatacce. A jihar Oklahoma, mayar da dagwalon rijiyoyin mai da gas cikin ƙasa ya jawo yawaitar girgizar ƙasa. Ita ma hanyar da aka saba ba ta kuɓuta ba: mutanen Neja Delta sun shekara da shekaru suna shaƙar hayaƙin gas da ake ƙonewa dare da rana.

To, mu me muka mallaka in ba ruwa ba? Mun ga abin da ya faru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992: ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoma suka shiga cikin ƙunci tun daga Haɗejiya har Nguru. Ba a nemi shawarar talakan fadama ba, amma shi ya biya.

Malaman fiƙihu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani, kuma ruwan kogi haƙƙin jama'a ne baki ɗaya. Don haka muna kira ga hukumomi da sarakuna da malamai: a kawo gas ya amfani manomi, amma kada a ba da izinin haƙa a fadama sai an bayyana wa jama'a, da Hausa, daga ina za a ɗebo ruwa, ina kuma za a zubar da dagwalonsa. Dokar man fetur ta 2021 ta tanadi asusu domin al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu; matasanmu su karanta ta, su kuma nemi ilimin wannan fanni. Rijiyar gas tana ƙafewa bayan wasu shekaru, jikokinmu kuwa ruwan nan za su sha.

Allah Ya sa mu riƙe amana.