Likita, wa zai biya kuɗin kwalbar?

Ashe har yanzu akwai likitan da zai zauna a gidan rediyo yana alfahari cewa a asibitinsa ƙwai uku ake dasa wa mace mai neman haihuwa lokaci guda, wai don mu mutanen nan muna son tagwaye? Da kunnena na ji shi, mai gabatar da shirin kuwa sai zuba "masha Allah" yake yi.

Son tagwaye kam muna yi, babu wanda zai ƙi a kira shi Baban Hassan da Hussaini. Amma fiye da rabin tagwaye ana haifarsu kafin mako 37, 'yan uku kuwa kusan dukkansu bakwaini ne. Uwar tana fuskantar hawan jini da jijjiga da zubar jini, ga tiyata na jiranta. Likitan ya san wannan sarai, tun a makaranta aka koya masa. A rediyon ne dai ya manta.

Hujjar irin waɗannan likitoci kullum kuɗi ce: mutum ya sayar da fili ya biya miliyoyi, to a zuba masa da yawa ko ɗaya ya kama. Wannan magana ta tsufa. A 2004 Ann Thurin da abokan aikinta suka fitar da binciken da suka yi kan mata 661 'yan ƙasa da shekara 36 a ƙasashen Sikandinebiya. Wasu aka dasa musu biyu tashi ɗaya, wasu aka dasa ɗaya, in bai kama ba a ɗauko wanda aka daskarar a sake. Masu biyu kusan kashi 43 cikin 100 suka haihu, masu ɗaya-bayan-ɗaya kusan kashi 39. Tazarar ke nan da ake ta yi mana kururuwa a kai. Tagwaye fa? Kashi 33 a rukunin farko, ƙasa da kashi 1 a na biyu. Tun 2003 Beljiyam ta ɗaure tallafin gwamnati da sharaɗin ƙwai ɗaya ga matashiya a gwajin farko. A Birtaniya, a da kusan haihuwa ɗaya cikin huɗu ta hanyar dashen ƙwai tagwaye ne ko fiye, zuwa 2019 an sauko kashi 6.

Na san za a ce ai su Turawa ne, suna da wuta. Don Allah a daina. Ƙwan da aka daskarar a tulun ruwan naitirojin yake kwana, ba ruwansa da NEPA. Abin da ke buƙatar wuta dare da rana shi ne kwalbar da ake sa bakwaini, kuma ita ce ba mu da ita isasshiya. Mace mai shekara 40 kuwa maganarta daban, ba ita nake nufi ba, kada a fake da ita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda asibitocin kuɗi ke ƙirga nasara. Da gwajin ciki ya nuna, an ci riba, a hau Facebook da hoto. Ranar da naƙuda ta zo a wata bakwai, sai a rubuta takarda a tura matar asibitin gwamnati, inda jarirai ke layin kwalba. Daga nan sai roƙon taimako, sai matar wani babba ta zo da buhun shinkafa da masu ɗaukar hoto. Halin nan ba sabo ba ne, haka suke yi da duk maras lafiyar da aljihunsa ya bushe. Maigida ma ba zai tsira ba: shi da danginsa ne ke kaɗa wa matar gangar kishiya har ta yarda ta tauna taura biyu, alhali ba shi za a yanka ba.

A Kalifoniya, likitan da ya dasa wa Nadya Suleman ƙwai 12 har ta haifi 'yan takwas a 2009, Michael Kamrava, an ƙwace lasisinsa a 2011. Mu kuwa tun 1989 aka samu haihuwa ta wannan hanya a asibitin koyarwa na Legas, amma har yau babu dokar tarayya da ta ƙayyade ƙwai nawa za a dasa. 'Yan majalisa suna can suna duba kasafin motoci.